Yahudawa da Addinin Yahudanci: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asali da Tarihi

Da wuya rana ta fito ta faɗi ba a ambaci Yahudawa ba, ko a labaran rediyo, ko a wurin wa'azi, ko a majalisar hira. Amma idan aka tambayi daga ina suka fito, ko yaushe addininsu ya ɗauki kamannin da yake da su yanzu, sai amsa ta gajarta. An tattara a nan tambayoyin da aka fi yi. Inda labari ya fito daga littattafan addini an faɗa, inda kuma ya fito daga tonon kufai da rubutun duwatsu shi ma an faɗa, domin ba kullum biyun suke tafiya kafaɗa da kafaɗa ba.

Bani Isra'ila, Ibraniyawa da Yahudawa, duk abu ɗaya ne?

Tushe ɗaya ne, amma sunayen ba na zamani ɗaya ba ne. Isra'ila sunan Annabi Yakubu (AS) ne, ɗan Ishaku, jikan Ibrahim. Zuriyar 'ya'yansa maza goma sha biyu su ne Bani Isra'ila. Ibraniyawa tsohon suna ne da Attaura ta fara kiran Annabi Ibrahim (AS) da shi, kuma har yau da shi ake kiran harshensu, Ibrananci. Sunan Yahudawa shi ne ƙaraminsu a shekaru. Ya fito daga Yahuda, ɗa na huɗu ga Yakubu, wanda masarautar kudu mai hedikwata a Ƙudus ta ci sunansa. Da masarautar arewa ta rushe, ta kudu ce kaɗai ta rage, sai sunanta ya rufe sauran.

Saboda haka ba duk wanda ya fito daga Bani Isra'ila ne Bayahude ba. Samariyawa, waɗanda yawansu bai kai dubu ɗaya ba a yau, suna zaune a Dutsen Gerizim kusa da Nablus da kuma garin Holon. Suna riƙe da tasu Attaurar, suna kiran kansu Bani Isra'ila, kuma ba sa amsa sunan Yahudawa.

Daga ina asalinsu yake?

A labarin da Attaura ta bayar, Annabi Ibrahim (AS) ya taso daga Ur a kudancin Iraƙi ta yanzu, ya zauna a Haran, sannan ya sauka ƙasar Kan'ana, wato yankin Falasɗinu da Isra'ila da kewayensu. A can Allah ya ƙulla alkawari da shi da zuriyarsa, kaciya kuwa ta zama alamar alkawarin. Yunwa ta kai Yakubu da iyalinsa Masar a zamanin Annabi Yusuf (AS), zuriyar ta yaɗu, aka bautar da ita, har Annabi Musa (AS) ya fito da ita ya karɓi dokoki a Dutsen Sina'i. Bayan shekara arba'in a jeji suka shiga Kan'ana a ƙarƙashin Yusha'u. Suka zauna ƙabila-ƙabila kafin su yi sarki: Ɗalutu, wanda su suke kira Shawul, sai Dawuda, sai Sulaimanu wanda ya gina Haikali na farko, wato babban ɗakin ibadarsu, a Ƙudus.

Musulmi da Kirista ba baƙin wannan labari ba ne. Bambancin shi ne, a wurin Bayahude wannan tarihin gidansu ne, yana karanta shi ne da cewa “mu aka fitar daga Masar”.

Me masu tonon kufai suka gano? Ya yi daidai da labarin?

Wani wuri ya yi, wani wuri kuwa shiru. Rubutu mafi tsufa da ya ambaci Isra'ila a wajen littattafan addini shi ne wani allon dutse na Fir'auna Merneftah, na wajen shekarar 1208 kafin Miladiyya, wanda aka tono a 1896 kusa da Luksor. A ciki Fir'aunan yana taƙama cewa ya shafe Isra'ila, ko iri bai bar mata ba. Abin lura, alamar rubutun da aka sa wa sunan ta al'umma ce, ba ta birni ko daula ba. Ke nan a lokacin akwai wasu mutane masu wannan suna a Kan'ana, amma ba su kafa sarauta ba tukuna.

A daidai wannan zamani ne ɗaruruwan ƙananan ƙauyuka suka ɓullo a tsaunukan tsakiyar ƙasar. Tukwanensu da gine-ginensu sun yi kama da na Kan'aniyawa, Ibrananci ma reshe ne na harsunan Kan'ana, sai dai kusan babu ƙashin alade a jujinsu, alhali maƙwabtansu Filistiyawa na bakin teku suna cin sa. Wannan ya sa masana tarihi da yawa suke ganin galibin Isra'ilawan farko daga cikin mutanen Kan'ana suka fito, wasu kuma suka zo daga waje suka haɗu da su. Ba a samu rubutun Masarawa da ya ba da labarin fitar Musa ba, ko da yake sarakunan da can ba su saba sassaƙa labarin kunyarsu a jikin dutse ba.

Daga ƙarni na 9 kafin Miladiyya hujjoji sun fara yawa. Wani allon dutse da aka samu a Tel Dan a 1993 ya ambaci “gidan Dawuda”. Allon Mesha sarkin Mowab ya ambaci Omri sarkin Isra'ila. Assuriyawa kuwa sun rubuta sunayen sarakunan Isra'ila da na Yahuda da harajin da suka biya.

Tun farko Allah ɗaya suke bauta wa?

Koyarwar annabawansu ke nan, amma aikin jama'a daban. Littattafansu da kansu cike suke da faɗan da annabawa suka yi ta yi wa mutane kan bautar Ba'al da Ashera, kuma Alƙur'ani ma ya kawo yadda Annabi Ilyasu (AS) ya tsawata wa mutanensa kan Ba'al. Tono ya gaskata wannan ƙorafi, domin an samu ƙananan gumaka na yumɓu masu yawa a gidajen Yahuda na wancan zamani. Sarki Hezekiya, sannan Sarki Yosiya wajen 622 kafin Miladiyya, sun rurrushe wuraren yanka na kan tuddai suka tattara ibada a Ƙudus. Amma kaɗaita Allah bai zama abin da kowane gida ya tsaya a kai ba sai bayan bala'in da ya biyo baya.

Wane bala'i ke nan? Me ya faru da masarautunsu?

Bayan Annabi Sulaimanu (AS) ƙasar ta rabu biyu: Isra'ila a arewa, wadda daga baya ta yi hedikwata a Samariya, da Yahuda a kudu. Wajen 722 kafin Miladiyya Assuriyawa suka ci Samariya, suka kwashe dubban mutane suka watsa su cikin daularsu. Waɗannan ne ake kira ƙabilu goma da suka ɓata. Mafi yawansu sun saje ne da mutanen da suka tarar, wasu sun gudu kudu, wasu kuma ba su bar ƙasar ba. Yahuda ta sha da ƙyar a 701, lokacin da Sennakerib sarkin Assuriya ya yi wa Ƙudus ƙawanya, har ya rubuta cewa ya kulle Hezekiya kamar tsuntsu a keji.

Sai Babila ta taso. Nebukadnezzar, wanda littattafan Larabci suke kira Bukhtanassar, ya kwashi sarki da manyan gari a 597, ya dawo wajen 586 ya ƙone Haikali ya rushe ganuwa, sarautar gidan Dawuda ta yanke. A al'adar wancan zamani, al'ummar da aka ci da yaƙi takan ɗauka abin bautarta ne aka rinjaya, sai ta koma ga na wanda ya ci ta. Haka Mowabawa da Ammonawa da Filistiyawa suka ɓace daga tarihi. Mutanen Yahuda kuwa sai suka fassara abin ta wata fuska: annabawa irin su Irmiya da Ezekiyel suka ce ba a rinjayi Ubangiji ba, Shi ne ya turo Babila saboda an karya alkawari, kuma yana tare da su ko a ƙasar baƙunci. Wannan fassara ita ce ta hana su narkewa. Mutumin da ba shi da sarki, ba shi da ƙasa, ba shi da wurin yanka, me zai riƙe? Suka riƙe Asabar, da kaciya, da dokokin abinci, da rubuce-rubucen da suka taho da su.

A 539 Sairus sarkin Farisa ya ci Babila ya ba su izinin komawa. Wasu sun koma, suka kammala Haikali na biyu wajen 516. Da yawa kuwa sun yi zamansu, kuma zuriyarsu ta ci gaba da zama a Iraƙi har tsakiyar ƙarni na 20.

To yaushe Yahudanci ya zama yadda yake a yau?

A mataki biyu, kuma kowanne bayan rushewar Haikali ya zo. Na farko shi ne wanda aka faɗa a sama. A zamanin Farisawa ne malami Ezra, wanda masu tafsiri da yawa suke cewa shi ne Uzairu, ya tsaya gaban jama'a a Ƙudus ya karanta Attaura ana fassara musu. Daga nan littafi ya fara zama cibiyar rayuwa.

Iskandar na Girka ya ci yankin a 332 kafin Miladiyya. A 167 wani sarki daga magadansa, Antiyokus na Huɗu, ya hana kaciya da kiyaye Asabar, ya ƙazantar da Haikali. Iyalin Makkabi suka yi tawaye, suka tsarkake Haikalin a 164, abin da ake tunawa da shi a bikin Hanuka. Suka yi mulkin kansu kimanin shekara tamanin kafin Rumawa su shigo a 63 kafin Miladiyya. A wannan zamani ba Yahudanci ɗaya ake da shi ba. Akwai Sadukiyawa, manyan masu hidimar Haikali, waɗanda ba su yarda da tashin matattu ba. Akwai Farisiyawa, malaman jama'a, waɗanda suka yarda da shi suka kuma riƙe ruwayoyin baka. Akwai masu ƙaurace wa gari su zauna a hamada, akwai kuma masu ganin takobi ne kawai maganin Rumawa.

Masu takobin ne suka yi rinjaye a shekarar 66 Miladiyya, aka yi wa Rumawa tawaye. A shekarar 70 Titus, kwamandan Rumawa, ya ci Ƙudus ya ƙone Haikali na biyu, kuma har gobe a birnin Rum akwai wata ƙofar tunawa da ke nuna sojojinsa ɗauke da fitilar Haikalin mai rassa bakwai. Katangar da ake ganin Yahudawa suna addu'a a gabanta a yau, wadda Musulmi suke kira Katangar Buraƙa, ba bangon Haikalin kansa ba ne. Tana cikin katangun da Sarki Hirudus ya gina don tokare filin da ya faɗaɗa.

Da Haikali ya tafi, yanka ya tsaya, Sadukiyawa suka rasa aikin yi suka ɓace. Talmud, littafin muhawarar malamansu, ya ba da labarin cewa almajiran wani malami, Yohanan ɗan Zakkai, sun fitar da shi daga birnin cikin makara kamar gawa, ya je ya roƙi kwamandan Rumawa abu guda: a bar masa garin Yabne da malamansa. Ko labarin ya faru daidai haka ko an yi masa ado, abin da yake nunawa gaskiya ne. A Yabne da makarantun da suka biyo bayanta aka maye gurbin yanka da addu'a, gurbin Haikali da majami'a, gurbin mai hidimar yanka da malami, wato rabbi. Addinin da Bayahude yake yi a yau a Niyok ko Kazablanka ko Tel Abib na waɗannan malamai ne. Wanda ya karanta Attaura kaɗai ya ce ya san Yahudanci, rabi ya sani.

Waɗanne littattafai suke da su? Attaura ce kaɗai?

Attaura littattafai biyar ne da ake jingina wa Annabi Musa (AS). Idan aka haɗa su da littattafan annabawa da sauran rubuce-rubuce irin su Zabura da Karin Magana da Ayuba, sai a sami littattafai 24 da suke kira Tanak. Shi ne Kiristoci suke kira Tsohon Alkawari, sunan da Yahudawa ba sa amfani da shi. A 1947 aka fara gano tsofaffin naɗaɗɗun rubuce-rubuce a kogunan dutse na Kumran kusa da Tekun Gishiri, ciki har da cikakken littafin Ishaya wanda ya girmi kwafin da aka sani a da da kusan shekara dubu.

Sannan akwai abin da suke kira Attaura ta baka. Wajen shekarar 200 Rabbi Yahuda Hanasi ya tattara hukunce-hukuncen malamai cikin Mishna, mai kashi shida: noma, bukukuwa, aure da saki, diyya da shari'a, kayan Haikali, da tsarki. Muhawarar da aka yi ta yi a kan Mishna ta zama Talmud, kuma guda biyu ne: na ƙasar Falasɗinu wajen 400, da na Babila wanda aka kammala wajen 500 zuwa 600, shi ne kuma ya fi ƙarfi. Duk wanda ya taɓa zama zaure gaban malami da littafin fiƙihu, matani a tsakiya, sharhi da hashiya sun zagaye shi, zai gane shafin Talmud da gani ɗaya. Na Babila yana da warƙa 2,711, kuma masu karanta warƙa ɗaya kullum sukan sauke a cikin shekara bakwai da kusan rabi. Akwai wata ƙaramar ƙungiya, Ƙara'iyawa, da ta ƙi yarda da Talmud tun ƙarni na 8 zuwa na 9, har yau kuma tana nan.

Annabi Isa (AS) Bayahude ne? Me ya raba su da Kiristoci?

Cikin Yahudawa aka haife shi, cikinsu ya yi wa'azi, almajiransa na farko duk Yahudawa ne. Rabuwar ta zo a hankali, bayan Bulus da wasu sun buɗe ƙofa ga sauran al'ummai ba tare da sharaɗin kaciya da dokokin abinci ba. Yahudanci bai karɓi Isa a matsayin Almasihu ba, domin a fahimtarsu Almasihu sarki ne ɗan Adam daga gidan Dawuda wanda zai tattara warwatsattu ya kawo zaman lafiya a duniya. Masu riƙo da addini a cikinsu har yanzu jiran sa suke yi.

Rumawa ne suka watsa su duniya?

Sun ƙara watsa su, amma ba su suka fara ba. Tun kafin shekarar 70 akwai Yahudawa masu yawa a Babila, da Iskandariya inda aka fassara Attaura zuwa Girkanci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, da birnin Rum kansa. Tawaye na biyu, na Bar Kokba daga 132 zuwa 135, shi ya fi yin ɓarna. Sarki Hadiriyan ya hana su zama a Ƙudus, aka kuma sauya wa lardin suna zuwa Siriya Falasɗina. Duk da haka ƙasar ba ta taɓa rasa Yahudawa gaba ɗaya ba. A Galili aka rubuta Mishna. Majiyoyinsu da kansu sun ruwaito cewa bayan Halifa Umar ɗan Khaɗɗabi (RA) ya karɓi Ƙudus ne aka sake barin wasu iyalai su zauna a cikinta.

Yaya zamansu ya kasance da Musulmi?

Kafin Musulunci akwai su a Jazirar Larabawa. Sarakunan Himyar na Yaman sun shiga Yahudanci, kuma na ƙarshensu, Zu Nuwas, shi ne ya karkashe Kiristocin Najran wajen 523. A Madina Annabi (SAW) ya tarar da Banu Ƙainuƙa da Banu Nadir da Banu Ƙuraiza, ya tarar suna azumin Ashura, Musulmi kuma sun fuskanci Baitul Maƙdis a salla wata goma sha shida ko sha bakwai. An ƙulla yarjejeniya, daga baya ta warware da yaƙi: aka fitar da biyun farko, aka kashe mazan Ƙuraiza bayan yaƙin Khandaƙ. Abdullahi ɗan Salam da Uwar Muminai Safiyya (RA) duk daga Yahudawa suka fito.

A daulolin Musulunci matsayinsu na ahlul zimma ne: suna biyan jiziya, suna da kotunansu da majami'unsu, amma ba daidai suke da Musulmi a doka ba. Ƙarnuka da dama mafi yawan Yahudawan duniya a ƙasashen Musulmi suke, kuma da Larabci suke rubutu. Sa'adiya Ga'on, haifaffen Fayum a Masar, ya fassara Attaura zuwa Larabci a ƙarni na 10. Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, likita ne a fadar gidan Salahuddin kuma babban malaminsu na shari'a da falsafa. Sai dai shi ɗin ma gudun hijira ne ya fitar da iyalinsa daga Ƙurɗuba lokacin da sarakunan daular Muwahhidun suka tilasta wa mutane sauya addini, kuma a 1066 an yi wa Yahudawan Garnaɗa kisan gilla. Adalci shi ne a ce zaman ya fi na Turai sauƙi a mafi yawan lokaci, ba wai babu tabo ba.

Wannan tarihi ya taɓo ƙasar Hausa ta gefe ɗaya. Shehu Muhammadu al-Maghili, wanda ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa nasiha kan mulki, kafin ya taho Kano da Katsina shi ne ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tuwat a hamadar Aljeriya wajen 1492, lamarin da wasu malaman zamaninsa suka saɓa masa a kai. Yahudawan Tuwat kuwa 'yan kasuwar hanyar Sahara ne.

Me ya sa aka tsananta musu a Turai?

Tushen abin addini ne: coci ta daɗe tana ɗora musu alhakin gicciye Almasihu, kuma sai a 1965 cocin Katolika ta janye wannan zargi a hukumance. A wurare da yawa an hana su mallakar gona da shiga ƙungiyoyin masu sana'a, aka bar musu fatauci da ba da rance da ruwa, wanda coci ta haramta wa Kirista. Sarki ya karɓi haraji daga mai ba da rance, talaka kuma ya tsani mai bin sa bashi. Aka yi ta ƙulla musu sharri: cewa suna yanka yaran Kirista, zargin da ya faro daga Ingila a 1144, ko sun zuba guba a rijiyoyi lokacin annobar 1348. 'Yan yaƙin Salibiyya sun karkashe su a garuruwan Jamus a 1096 tun kafin su isa ga Musulmi. Ingila ta kore su a 1290, Sifen a 1492, shekarar da Garnaɗa ta faɗi. Sarkin Daular Usmaniyya Bayazid na Biyu ya karɓi da yawa daga cikin korarrun, wasu suka sauka Maroko.

Daga wannan yawo ne manyan rassansu suka fito. Ashkenazi su ne na Jamus da Folan da Rasha, masu harshen Yidish. Sefardi zuriyar korarrun Sifen da Fotugal ne. Mizrahi kuwa na Iraƙi da Iran da sauran ƙasashen gabas.

Gaskiya ne Yahudawan Turai ba su da alaƙa da Bani Isra'ila, Khazarawa ne?

Sarakunan Khazar, wata daular Turkawa a arewacin Tekun Kasfiyan, sun shiga Yahudanci wajen ƙarni na 8 ko na 9. Amma binciken ƙwayoyin halitta bai goyi bayan cewa su ne kakannin Ashkenazi ba. Abin da ya nuna shi ne gaurayen jinin Gabas ta Tsakiya da na kudancin Turai, harshen Yidish kuma daga Jamusanci ya tsiro. Wannan binciken dai ya nuna Falasɗinawa da sauran mutanen Sham ma suna da gado mai yawa daga tsofaffin mazauna Kan'ana.

Mene ne Holokos?

Kisan ƙare dangin da gwamnatin Nazi ta Hitila da masu taya ta suka yi wa Yahudawan Turai. An fara da dokoki daga 1933, aka ƙwace musu 'yancin zama 'yan ƙasa a 1935, sannan lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka koma harbi a ramuka da ɗakunan iskar guba. An kashe kimanin miliyan 6, kusan rabinsu 'yan Folan, kimanin miliyan ɗaya kuma a sansanin Auschwitz kaɗai. Takardun Jamusawan da kansu suna cikin manyan hujjojin da suka tabbatar da shi.

Yahudanci da Sahayoniyanci abu ɗaya ne?

A'a. Ɗaya addini ne da al'umma mai shekaru dubbai, ɗayan kuwa tafiyar siyasa ce ta ƙarshen ƙarni na 19. Begen komawa Ƙudus tsoho ne a addu'o'insu, amma wanda ya mayar da shi shirin kafa ƙasa shi ne Theodor Herzl, ɗan jarida wanda bai damu da ibada ba, da taron da ya kira a Basel a 1897. Malamai da yawa sun yi adawa da shi a lokacin, suna cewa komawa sai Almasihu ya zo, kuma har yau ƙungiyoyi irin su Satmar suna kan wannan ra'ayi. Fiye da miliyan biyu da suka gudu daga gabashin Turai tsakanin 1881 da 1924 ma Amurka suka nufa.

Birtaniya ta yi alkawarin Balfour a 1917, na goyon bayan kafa wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, lokacin da Larabawa ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba a Falasɗinu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da raba ƙasar a Nuwamban 1947, aka ayyana Isra'ila ranar 14 ga Mayu 1948. A yaƙin da ya kewaye wannan rana Falasɗinawa fiye da 700,000 aka kora ko suka gudu, ba a kuma bar su sun koma ba, abin da suke kira Nakba. A shekarun da suka biyo baya Yahudawa kimanin 800,000 suka bar ƙasashen Larabawa, wasu bisa son rai, wasu bisa matsi da kora. Yau mafi yawan Yahudawa suna jin Isra'ila a ransu, ko da suna sukar gwamnatinta, wasu kuma suna gaba-gaba wajen zanga-zangar adawa da mamaya. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar Isra'ila Larabawa ne.

Yaya ibadarsu take?

Mai riƙo da addini yana addu'a sau uku a rana yana fuskantar Ƙudus, kuma jam'i ba ya ƙulluwa sai da mutum goma. Kalmar shaidarsu ita ce: “Ji, ya Isra'ila, Ubangiji Allahnmu, Ubangiji ɗaya ne.” Malamansu sun ƙirga dokoki 613 a Attaura. Ana yi wa yaro kaciya rana ta takwas. Asabar tana shiga daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa daren Asabar, babu aiki, babu kunna wuta, masu tsanantawa ko mota ba sa hawa. Ba sa cin alade da jini, suna yanka, amma sun haramta raƙumi da zomo da duk abin ruwa marar ɓawo da ƙege, ba sa kuma haɗa nama da madara a ci ɗaya. Giya kuwa halas ce a wurinsu. Babban azuminsu na Ranar Kafara ne, kimanin awa 25 babu ci babu sha. Kalandarsu ta wata ce, amma suna ƙara wata guda sau bakwai cikin shekara 19 don Idin Ƙetarewa, bikin tunawa da fitarsu daga Masar, ya riƙa faɗowa a bazararsu. Shekararsu ta 5786 ta kama a Satumban 2025.

Ba kowa ke yin duk wannan ba. Akwai Otodoks masu riƙon gargajiya, akwai masu sassauci da suka faro daga Jamus a ƙarni na 19, akwai kuma ɗimbin waɗanda ba sa ibada amma suna amsa sunan Bayahude.

Ana iya shiga addinin, ko sai an haifi mutum a ciki?

A shari'arsu Bayahude shi ne wanda uwarsa Bayahudiya ce, ko wanda ya shiga ta hannun kotun malamai bayan dogon karatu, da kaciya ga namiji, da wanka. Ba sa fita neman mabiya, domin a ganinsu wanda ba Bayahude ba ya isa ya tsira idan ya kiyaye dokoki bakwai da suke jingina wa Annabi Nuhu (AS). Shi ya sa ake samun su kala-kala. Beta Isra'ila na Habasha baƙaƙe ne, kuma an kwashi fiye da 14,000 daga cikinsu ta jirgin sama zuwa Isra'ila cikin kwana biyu a 1991. Akwai na Indiya, akwai Abayudaya na Uganda da suka karɓi addinin wajen 1919. A kudu maso gabashin Najeriya ma akwai Inyamurai da suke bin Yahudanci suna da majami'unsu, ko da yake hukumar malaman Isra'ila ba ta amince da su a matsayin zuriyar Bani Isra'ila ba.

Nawa ne yawansu a duniya yanzu?

Tsakanin miliyan 15 da 16, wato har yanzu ba su cike gurbin da suke da shi a 1939 ba, lokacin da suka haura miliyan 16. Fiye da miliyan 7 suna Isra'ila, kimanin miliyan 6 zuwa 7 suna Amurka, sai Faransa da Kanada da Birtaniya da Ajantina masu dubbai ɗari-ɗari. A ƙasashen Musulmi kuwa kaɗan suka rage: 'yan dubbai a Turkiyya, da Iran inda suke da kujera ɗaya a majalisa, da Maroko wadda a da take da kusan 250,000, da tsibirin Jarba na Tunisiya. A Iraƙi, inda aka rubuta Talmud, waɗanda suka rage ba su kai goma ba.